Shirun Kwangiri Ranar da Baba Tsoho Ya Rasu

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin Alhamis al'amura suka fara karkacewa. Na san lokacin ne domin wayata tana hannuna, ina neman layin Gwaggo in shaida mata cewa Baba Tsoho, kakana na wajen uba, ya cika. Inna, matarsa, ta rufe masa ido, ta lulluɓe shi da mayafi, sannan ta fito tsakar gida ta tsaya, ta karkata kunne wajen majami'a. Ni ma na tsaya. An riga an aika wa Baba Mai Bishara, ƙanin mamacin, wanda yake jagorantar 'yar ikilisiyarmu, kuma gona biyu ce kawai tsakaninmu da shi. Muka yi ta jira. Ba mu ji komai ba sai kukan kurciya da sautin fartanya daga gonar maƙwabta.

Ƙauyenmu yana can bayan Dawakin Tofa. Gidajen Kirista ba su da yawa a cikinsa. Hausawa ne mu, kakanninmu Maguzawa, muna zaune gona da gona da 'yan'uwanmu Musulmi. Ba mu da ƙararrawa irin ta birni. Guntun kwangiri ne, ƙarfen titin jirgin ƙasa, aka rataye a reshen darbejiyar ƙofar majami'a. Baba Mai Bishara ne mai buga shi, ran Lahadi da sauri da sauri. Idan mai bi ya rasu kuwa, ɗai-ɗai ake bugawa, a bar kowane bugu ya lafa kafin a sake. In mutum biyu ne suka rasu, sai a yi dogon shiru, a faro wani zubin. Kowa ya san wannan, har Musulmi, suna ji za su ajiye aiki su taho a haƙa kabari tare. Amma akwai sharaɗi. Ba a buga wa wanda ya mutu a ƙarƙashin horon ikilisiya, wato wanda aka dakatar saboda wani laifi, bai kuma dawo ya tuba ba.

Mutum ɗaya na sani a gidanmu da aka hana wa kwangiri, shi ne mahaifina.

Saboda shirun nan, mutane ba su taho tare ba kamar yadda aka saba. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa shigowa, kowa da tambaya a fuskarsa. Matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'a, suka zauna a inuwar rumbu, suka fara waƙar ta'aziyya, amma ba ta yi nisa ba ta koma raɗa. Ina zuba musu ruwa, kuma da yake ba a ɗauke ni mai magana ba, ba su sassauta murya don ni ba.

"Ai ya daɗe ba ya cin jibin Ubangiji," in ji ɗaya, tana nufin gurasar da masu bi suke ci tare a majami'a.

"Ba a dakatar da shi ba, shi ya dakatar da kansa."

"To ina bambancin? Mai Bishara ya san abin da ba mu sani ba. Jiya da safe ya shiga wurinsa, su biyu kawai, ya fito ba ya kallon kowa."

Wata ta ɗan ɗaga haɓa wajen zaure, inda Alhaji maƙwabcinmu yake zaune tun kafin a aika masa. Ta ce kullum suna tare, wa ya san abin da ya sa shi ya faɗa a ƙarshe. Maganar ta kai kunnen Alhaji kafin magariba. Bai yi fushi ba. Ya ce da mazan da ke zaure, "Da ya musulunta, ai da ni zan fara shela, har in yanka rago. Tun muna samari nake binsa, ya ƙi. A kan addininsa ya tafi, kada ku ɗora masa abin da bai yi ba."

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta iso daga Zakirai inda take aure, ko mayafi ba ta sauke ba ta ce, "Wato abin da ya yi wa ɗan, shi zai yi wa uban?" Inna ta ce ta zauna ta sha ruwa. Gwaggo ta ce ba za ta sha ba sai ta ji ƙarfe.

Baba Mai Bishara ya zo da kansa bayan magariba. Ya shiga ya ga gawar yayansa, ya yi addu'a gajera, ya ce gobe da hantsi za a yi jana'iza. Kowa yana kallon hannunsa. Ya gaisa da Alhaji, ya koma gida, kwangiri bai yi ƙara ba.

Na rubuta wannan ne domin kada abin da za a riƙa tunawa da Baba Tsoho ya zama raɗe-raɗin inuwar rumbu. A hannunsa na tashi. Bayan rasuwar mahaifina, mahaifiyata ta koma garinsu, shi kuwa ya ce ba za a tafi da ni ba. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka shi da ƙaninsa ba sa kiran sunana, Uwata suke ce mini. Ina ƙarama abin yana ba ni kunya, tsoho mai furfura ya rusuna ya ce, "Uwata, kin tashi lafiya? A yi mana afuwa, ba mu share miki tsakar gida ba."

Manomi ne, kuma ban taɓa ganin mai tsantseni wajen zaɓen iri kamarsa ba. Ranar girbi yakan bi zangarniyar gero ɗaya bayan ɗaya, ya ware masu cikar ido, ya ɗaure su daban ya rataye can ƙuryar rumbu. Amma wannan mutumin ba ya yarda a cire gyauro, wato hatsin da ya faɗi bara ya tsiro da kansa a inda ba a shuka shi ba. Masu noma suna ƙorafi, domin gyauro yana ɓata kunya, yana tare wa garma hanya. Shi kuwa sai ya ce, "Ku bar shi. Wanda muka shuka namu ne da Allah, wannan kuwa na Allah ne Shi kaɗai. Ni ma irinsa ne."

Abin da yake nufi, duk wanda ya zauna da shi ya ji labarin. Yana saurayi, mahaifinsu yana dafa giya, shi ne babban mai ɗanɗanawa. Wata rana yana dawowa daga kasuwa a buge, hadari ya taso, ya faɗa rumfar farko da ya gani, ashe masu bi ne suke sujada a ciki. Ya zauna a baya yana jiran ruwa ya ɗauke. Ruwa ya ɗauke, aka watse, shi bai iya tashi ba, yana ta kuka bai san dalili ba. "Ni ban nemi Allah ba," haka yake cewa. "Inuwa na je nema. Shi ya damƙe ni, kuma abin da Ya damƙa ba ya suɓucewa."

Ƙaninsa kuwa ba haka ya shigo ba. Shi ya yi watanni yana saurare daga bakin hanya, yana auna maganar a ransa. Ranar da ya yanke shawara, ya tashi da ƙafarsa, ya ɗaga hannu a gaban jama'a, ya koma gida mahaifinsu ya yi masa dukan da har yau akwai tabonsa a kafaɗa. Daga baya ya tafi makarantar masu bishara. Koyarwarsa ita ce, alherin Allah a buɗe yake ga kowa, amma ba a ɗura wa mutum shi. Sai ka miƙa hannu ka karɓa, kuma hannun da ya karɓa yana iya saki.

Shekaru da yawa wannan saɓanin nasu abin hira ne kawai. Sukan zauna a zaure bayan sujada, kowa ya buɗe ayoyinsa, Inna tana aiko musu da fura. Na ji an ce Alhaji ya taɓa shigowa ya tarar da su, ya saurara, ya ce, "Ashe ku ma kuna da wannan ciwon? Malamanmu ma sun sha fama da zancen ƙaddara da zaɓin bawa. Ku sha furarku kafin ta yi tsami." Da na shiga jami'a, ina zaune a Rijiyar Zaki, na tarar a ɗakin karatu cewa manyan malaman Kirista sun yi ɗaruruwan shekaru suna wannan musun, har ikilisiyoyi suka rabu a kansa. Na dawo hutu na gaya wa Baba Tsoho. Ya tambaye ni wa ya yi nasara. Na ce har yanzu ba a gama ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "To ki gaya wa ɗan naki, ba shi kaɗai ne mai taurin kai ba."

Mahaifina ne ya mayar da hirar ta zama rauni. An yi masa baftisma yana matashi, yana jan waƙa a majami'a. Daga baya ya tafi Kano neman aiki, ya kama sha, ya daina zuwa gida sai jifa-jifa. Dattawa suka kira shi bai zo ba, aka sa shi a horo. Dole in faɗi gaskiya a nan, ko da ba ta yi wa mamaci daɗi ba: Baba Tsoho bai taɓa bin ɗansa Kano ba. Cewa yake yi, "Wanda Ya kawo ni zai kawo shi." Baba Mai Bishara ne ya yi ta hawa mota yana bin lunguna yana nemansa, ya zauna da shi, ya roƙe shi, ya dawo shi kaɗai. Gwaggo ta sha faɗa wa mahaifinta cewa ya jingina wa Allah aikin da shi aka ba. 

Wata rana da safe mahaifina ya hau babur ya nufo gida. Mota ta buge shi a hanya. Waɗanda suka tsince shi ba su san shi ba, suka kai shi asibiti, ya wuni a can, da yamma ya cika, babu wani namu a kusa. Baba Tsoho ya ce Allah ne yake jawo shi gida. Baba Mai Bishara ya ce kaka ta yi, hatsi ya taho ɗiba kamar yadda ya saba. A lokacin Baba Tsoho ne mai buga kwangiri. Ya ɗauki guntun ƙarfen da ake bugawa da shi ya nufi darbejiya, ƙaninsa ya tare shi a hanya ya ce doka doka ce, yaron ya mutu a horo. A bakin kabari kuma ya yi wa matasa gargaɗi da cewa mutum yana iya yar da cetonsa da hannunsa. Ina tsaye a wurin, riƙe da zanen Inna. Ban gane duk maganar ba, amma na gane wa ake nufi.

Daga ranar Baba Tsoho ya miƙa wa ƙaninsa ƙarfen bugu, ya bar bencin dattawa. Bai daina zuwa sujada ba. Tabarma yake shimfiɗawa a waje, daidai tagar da ke kusa da mai wa'azi. Yana yin waƙa da kowa, yana cewa amin da kowa. Amma idan wa'azi ya zo kan cewa ceto yana iya kuɓucewa, sai a ji murya daga taga, ba da ƙarfi ba: "A'a." Yara su ƙyalƙyale, Baba Mai Bishara ya gyara tabarau ya ci gaba. Baƙon fasto ya taɓa zuwa, ya ji wannan a'a, ya tsaya cak yana neman inda ta fito.

Duk da haka ba su daina gaisawa ba, kuma duk damina Baba Tsoho ne yake haɗa gayyar noman gonar ƙaninsa, domin shi yana yawon wa'azi a ƙauyuka. Ba ya gaya masa ranar, sai dai ya dawo ya tarar an gama. Irin kyautarsa ke nan. Akwai shekarar da shukar fari ta ƙone, mutane suka rasa irin sake shuka. Wani maƙwabci da ya taɓa matso da gambar iyaka cikin gonarmu ya zo ya tsaya a ƙofar gida, ya kasa yin sallama. Baba Tsoho ya sauko da damin irin da ya zaɓa da hannunsa ya ba shi. Inna ta ce mutumin bai cancanta ba. Ya ce, "Ni ɗin na cancanta aka ba ni?"

Ni kuwa tambaya ɗaya na girma da ita, ban taɓa iya furta ta ba. Idan Baba Tsoho ne da gaskiya, mahaifina yana wurin Ubangiji. Idan ƙaninsa ne, to babu shi. Na karanta littattafai masu yawa a kan wannan, na ja layi a ƙarƙashin hujjojin kowane ɓangare, amma duk lokacin da na zauna gaban ɗayansu, sai in tambayi lafiyar ƙafarsa in tashi.

Da asubar Juma'a ina hura wuta, Inna ta zo ta tsuguna kusa da ni. Ta ce in daina kallon Mai Bishara da irin idon da Gwaggo take kallonsa.

"Ba ƙi ya yi ba," ta ce. "Ɗaure shi aka yi."

Na tambaye ta wa ya ɗaure shi.

"Wancan da ke kwance. Ranar da aka binne ubanki ya ce masa, ranar da na mutu kada ka buga mini ƙarfe sai ka fara buga wa ɗana. In ba za ka iya ba, ka bar mu mu biyu cikin shiru. Shekaranjiya ya kira shi ya maimaita masa, ina bakin ƙofa ina ji."

Sai na gane inda aka tsayar da mutumin. In ya buga wa yayansa kawai, ya karya wasiyya. In ya buga wa su biyu, kamar ya tsaya gaban ikilisiya ne ya ce abin da ya koyar duk rayuwarsa kuskure ne. In ya yi shiru, za a binne dattijon da ya kafa majami'ar nan kamar wanda aka kora.

"Je ki same shi," in ji Inna. "Ni ba zan fita ba. Gwaggonki in ta je faɗa za su yi. Ke ce uwarsu."

Na bi ta gefen gona, raɓa ta jiƙa mini zane. Na same shi zaune a gindin darbejiya, ƙarfen bugu a cinyarsa, da alama ya daɗe a wurin. Na durƙusa na gaishe shi. Duk abin da na shirya a hanya ya gudu. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Baba, masu haƙa kabari ba su zo ba."

Ya dube ni ya ce, "Uwata, ita ce ta aiko ki?"

Na ce e.

"Ya san ba zan iya ba, shi ya sa ya yi. Tun muna yara haka yake, ya haƙa maka rami ya zauna gefe yana dariya." Ya juya ƙarfen a hannunsa. "Koma gida."

Na kai tsakiyar gonar Alhaji na ji bugun farko. Na tsaya cikin gero. Ɗai-ɗai yake zuwa, a hankali. Can ya tsaya. Shirun ya yi tsawo har na fara tafiya, sai wani zubin ya faro. Wani mutum da ke noma kusa da ni ya miƙe ya ce, "Subhanallahi, wa kuma aka rasa?" Na ci gaba da tafiya. Da na shiga gida na tarar Gwaggo ta zauna a ƙasa tana kiran sunan yayanta, sunan da aka daɗe ba a ambata ba a tsakar gidan nan. Inna tana damun kunu, ba ta ɗago ba.

An binne Baba Tsoho da hantsi, kusa da ɗansa. Musulmi da Kirista suka karɓi fartanya hannu da hannu. Alhaji ya tsaya daga baya har aka gama, ya ce Allah Ya ba mu haƙuri, ya rasa abokin musu. Baba Mai Bishara ya yi wa'azi gajere a kan tashin matattu, bai taɓo zancen da kowa yake jira ba.

Amma zato bai mutu ba, sauya kaya kawai ya yi. Wasu suka ce kunyar jama'a ce ta sa shi. Wasu suka ce hannunsa ne ya gaji ya huta, mutane suka ɗauka zubi biyu ne. Wani dattijo ya ce za a tayar da maganar a zaman ikilisiya, domin in an buga wa wanda ya mutu a horo, ina amfanin horon. Gwaggo kuwa ta riƙa gaya wa masu gaisuwa cewa a ƙarshe dai ya yarda yayansa ne da gaskiya. Ni ban yarda da ko ɗaya ba. Na san mutumin, ba ya yin abu don kunya, ba ya kuma janye magana. Tsorona shi ne kada ya zama ya buga ne kawai don ya sallami wasiyya, alhali a ransa hukuncin mahaifina yana nan yadda yake.

Ranar da zan koma makaranta na biya ta gonarsa yin sallama. Yana maimai shi kaɗai, domin bana babu mai haɗa masa gayya. Na lura ya kewaye wani gyauro a tsakiyar kunya bai sare shi ba. Ya sa mini albarka, na juya, na yi taku kaɗan, sai na dawo. Na ce, "Baba, zubin farko na mahaifina ne?"

"Nasa ne."

"Ka yarda ke nan Baba Tsoho ne da gaskiya?"

Ya dogara da fartanya, ya share gumi da hularsa.

"Ban yarda ba, Uwata. Har gobe ina nan a kan cewa mutum yana iya sakin hannun Allah, kuma ran Lahadi haka zan faɗa, ko da ba mai ce mini a'a ta taga. Amma ni ne na ce mutum yana da zaɓi har numfashinsa na ƙarshe. Ubanki ya wuni guda a gadon asibiti, daga shi sai Ubangijinsa. Ba na wurin. Ban san abin da ya zaɓa ba. Shi ya sa na buga."